Lodin Akwati da Lodin Gari: Wanne Ya Fi Faɗin Gaskiyar Inji?

Shekarun baya na raka kawuna Kano sayen janareto. Yana da shagon ƙanƙara da ruwan sanyi a Daura, wutar NEPA kuwa ba ta zama. Mai shagon ya ja igiya, inji ya tashi, ya maƙala ƙwan fitila guda ya kama fes. Ya ce, "Alhaji, ai ka ji sauti. Sabo ne dal." Kawu bai tanka ba. Ya sa aka kawo dutsen guga biyu da hitar dafa ruwa aka jona su lokaci ɗaya. Muryar injin ta yi ƙasa, ta yi gurnani, sannan ta daidaita. Sai da ya bar shi a haka kusan rabin awa kafin ya sa hannu aljihu. A mota ya ce mini, "Ɗana, inji ba ya faɗin gaskiya sai an ɗora masa kaya."

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da saura. Da aka kai shi shago aka jona masa firiza huɗu cikin zafin watan Afrilu, duk sa'ad da kwamfuresa biyu suka tashi tare sai ya shaƙe ya mutu. Dutsen guga jan wutarsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, firiza kuwa fizga take yi lokacin tashi, ninki uku ko fiye na abin da take ci in ta kama gudu. Injin ya ci jarrabawar Kano, ya faɗi ta Daura.

Wannan abu ke dawo mini duk lokacin da na ji za a ƙaddamar da tashar wutar lantarki mai aiki da iskar gas. Kafin a kafa rumfa a zo yanke ƙyalle, tilas ne a ɗora wa injinan lodi a ga halinsu, kuma hanya biyu ake bi. Ko dai a jona injin da manyan akwatunan da aka ƙera don shan wuta kawai, waɗanda ke mayar da ita zafi su watsar a iska, ko kuma a jona shi da babban layin wuta na ƙasa ya ɗauki nauyin gari na gaske. Ta farko ita ce dutsen gugar kawu. Ta biyu ita ce firizarsa.

Wani zai ce mene ne ruwan Badauri da wannan, tunda daga Baure zuwa Mai'aduwa, daga Zango zuwa Sandamu, babu irin wannan inji ko ɗaya. Ruwanmu ne ƙwarai. Kusan kashi uku cikin huɗu na wutar da ke bin layin Nijeriya daga gas take fitowa, daga tashoshi irin su Geregu kusa da Ajaokuta, da Afam a jihar Ribas, da Azura a jihar Edo. Sai ta keto ƙasa ta biyo ta Mando a Kaduna da Kumbotso a Kano kafin kamfanin KEDCO ya miƙo mana abin da ya samu. Mu ne a wutsiyar layi, in inji ya yi tari a kudu mu ke fara jin jiki. Ba a manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna yake lalace, na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi, Arewa ta shafe fiye da mako cikin duhu, mai walda ya rufe shago, mai injin niƙa ya koma sayen man dizal da tsada. Ga kuma bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, ya ƙaddamar da aikinsa ranar 30 ga Yunin 2020, da shirin kafa tashoshin wuta a Abuja da Kaduna da Kano. An aza harsashin ta Abuja a Gwagwalada a watan Agustan 2023, zangon farko megawat 350. Injinan suna matsowa kusa da mu ke nan, gara mu san tambayar da za mu yi in sun iso.

Injin da ake magana, wanda injiniyoyi ke kira tabayin, ɗan'uwan injin jirgin sama ne. Yana zuƙar iska, ya matse ta cikin jerin farfeloli, ya gauraya ta da gas ya cinna mata wuta. Hucin da ke fitowa, wanda zafinsa ya haura digiri 1,000, shi ke tura wasu farfelolin, su kuma su juya sandar da ke juya janareto. Fiye da rabin ƙarfin da farfelolin baya ke samarwa komawa yake yi wajen matse iskar gaba, ragowar ce ke zama wuta. Manyan injinan suna juyawa sau 3,000 a minti ɗaya domin su dace da bugun wutar ƙasarmu, wato bugu 50 a daƙiƙa. Tazarar da ke tsakanin bakin farfela da jikin inji 'yan milimita ce, ƙarfe kuwa yana miƙewa in ya ɗau zafi. Shi ya sa tayar da shi ba lodi bai cika gaya wa mutum komai ba: gas kaɗan yake ƙonawa, jikinsa bai gasu ba, karkarwar da ke ɓoye ba ta fito ba. Ƙwan fitilar mai shago ke nan.

Tun kafin a kai ga lodi akwai aikin makonni. A wanke bututu, a tace man giris da na boris har ya fita tas, a kunna wutar farko, a kai injin cikakken gudu, a tabbatar na'urar da ke kashe shi in gudu ya wuce kima da kashi 10 cikin 100 tana aiki. Kwanaki ne masu haɗari. A watan Fabrairun 2010, a garin Middletown na jihar Konetikat a Amurka, ana cikin hura gas don share bututun wata sabuwar tasha mai suna Kleen Energy sai ta yi bindiga, mutum shida suka rasu. Duk wanda ke matsa wa ma'aikata su yi sauri saboda an riga an buga katin gayyata, ya tuna da wannan.

Akwatin lodi ba wani abin mamaki ba ne. Kwantena ce cike da wayoyin hita da manyan fankoki masu fitar da zafi, wasu kuma da ƙarin kwayil don kwaikwayon jan wutar injina masu mota. Falalarsa ita ce biyayya. Injiniya na zaune, ya ce a ɗora kashi 25, a ɗora. Ya ce 50, 75, cikakke, kowane mataki a tsaya a auna karkarwar boris, da zafin mai, da bambancin zafi a bakin salansa, wanda ke tona asirin kowane murhun da ba ya ƙona gas daidai. In an ga abin da ba a gane ba, a sauke, a gyara, a maimaita sau goma, ba wanda zai yi ƙorafi.

Inda na fi ganin darajarsa shi ne a gwajin da ya fi kowanne tayar da hankali, wato zare lodi farat ɗaya. Inji na ɗauke da cikakken nauyi sai a buɗe makunni da gangan. Ka ƙaddara jaki na jan amalanke a hawa, igiya ta tsinke. Sandar da ta kai tan da yawa za ta zabura, na'urar da makanikai ke kira gwamna kuma dole ta rage gas cikin ƙiftawar ido, ta rage sosai don kada gudun ya kai 3,300 inji ya kashe kansa, amma kada ta rage har wutar ciki ta mutu. Injin da ya haye wannan zai tsaya yana juyawa, a shirye a mayar da shi layi cikin mintoci. Wanda bai haye ba sai an sake tayar da shi daga tushe. A ƙasar da jaridu suka ƙirga faɗuwar babban layi kusan sau 12 a shekarar 2024 kaɗai, wannan hali ba ado ba ne, shi ke raba duhun awa ɗaya da duhun yini guda. To amma a kan wa za a yi gwajin? Tashar Geregu ta farko, da aka buɗe a 2007, injina uku gare ta, jimilla megawat 414, kowanne 138 ke nan. Wutar da ke kan layin ƙasa gaba ɗaya yawanci tsakanin megawat 4,000 ne da 5,000. Zare inji ɗaya irin wannan daidai yake da yanke kusan kashi 3 cikin 100 na wutar ƙasa a bugu ɗaya, a kan layin da ba shi da rarar da za ta cike gurbi nan take. A kan akwati kuwa, in gwaji ya ɓaci, fanka ce kawai za ta tsaya, babu asibitin da zai shiga duhu.

Akwai kuma inda akwatin ne kaɗai mafita. An sha gama gina tasha a ƙasar nan layin da zai kwashi wutarta bai iso ba, kamar yadda ya faru da wasu daga cikin tashoshi goma na shirin NIPP da aka faro zamanin Shugaba Obasanjo. Maimakon inji ya zauna garantinsa na ƙarewa ba a san lafiyarsa ba, gara a gwada shi a keɓe. Hatta manyan maƙera suna da masu wannan ra'ayi. Kamfanin GE yana da wurin gwaji a Greenville ta jihar Karolina ta Kudu inda sabon samfurin inji ke ɗaukar cikakken lodi ba tare da an jona shi da layin gari ba. Wata babbar kwamfuresa ce ke shanye ƙarfinsa, don haka suna iya tura shi sama da gudun ƙa'ida ko ƙasa da shi, abin da babu layin ƙasar da zai lamunta.

Sai dai akwati yana da iyaka, kuma iyakar ba ta da nisa. Kwantena ɗaya 'yan megawat take sha, don haka injin megawat 30 ma sai an jera da yawa tare da taransifomominsu, na 138 kuwa ba a cika ma tunanin yi masa haka a filin tasha ba. Ga ɓarna: injin megawat 30 in ya yi awa 72 a cikakken lodi ya samar da yunit miliyan 2 da dubu 160, irin yunit ɗin da muke saye a mita, kuma duk a iska za a watsar. Zuciya ba ta so, a ƙasar da yaro ke karatu da fitilar waya.

Babban aibinsa dai shi ne wannan biyayyar da na yaba. Manomanmu sun san haka. Kafin damina ana ɗaura wa sabon bijimi gungumen icce ya yi ta ja a fili, ya saba da karkiya, ya koyi tsayawa da juyawa. Horo ne mai kyau, babu mai hankalin da zai tsallake shi. Amma gungume ba ya kama saiwa, ba ya cin karo da tsohon kututture a ƙarƙashin ƙasa, ba ya sauya nauyi tsakanin jigawa da laka. Sai an sa garma a gona, tare da abokin huɗarsa, ake sanin sa. Akwatin lodi inji kawai yake gwadawa. Bai san taransifomar tasha ba, bai san na'urorin kariya da ke kan layi ba, bai san ko umarnin cibiyar kula da layin ƙasa da ke Osogbo yana isowa a bi shi ba, kuma ba ya rawa. Dokar layinmu ta ce bugun wuta ya tsaya tsakanin 49.75 da 50.25, amma sau da yawa yana fita wannan da'ira, inji kuwa dole ya rayu a cikin wannan rawar.

Shiga layin ma kanta fasaha ce. Duk wanda ya ga mata na lugude ya san ta uku ba ta jefa taɓaryarta cikin turmi yadda ta ga dama. Sai ta saurari bugun, ta daidaita numfashinta da na 'yan'uwanta, sannan ta shiga, in ba haka ba taɓare su gwabza. Haka janareto yake daidaita ƙarfin wutarsa da bugunsa da lokacin bugun da na layi kafin a rufe makunni. In aka rufe a karkace, girgizar na iya murɗe sanda ko ƙona kwayil. Bayan ya shiga sai a bi da shi mataki-mataki har cikakken lodi, sannan a zo gwajin juriya: ya yi ta aiki ba tsayawa, awa 72 a wasu kwangiloli, kwana 30 a wasu, in ya mutu da laifinsa a koma ƙirga daga ɗaya. A nan ne ake gane ko matsin gas zai ɗore dare da rana, ko famfon mai na biyu zai karɓa in na farko ya tsaya, ko ma'aikatan dare sun san abin yi ba tare da Baturen kamfani a gefensu ba. Wutar kuma ba ta tafi a banza ba, mutane sun sha.

Maƙeran da suka fi yarda da gwaji a kan layi ba ƙanana ba ne. Mitsubishi ya gina tasha sukutum a masana'antarsa ta Takasago a Japan tun 1997, inda sabon inji ke sayar da wuta ga layin yankin na dogon lokaci kafin a tallata shi. Siemens ya kafa babban injinsa na farko samfurin 8000H a Irsching ta Jamus, ya kunna shi a ƙarshen 2007, ya yi ta gwada shi a kan layi har 2009. Abin da ya faru a Texas a 2018 ya ƙara musu hujja: injinan GE na zamani, waɗanda samfurinsu ya sha gwaji a keɓe, sai da aka tsayar da huɗu daga cikinsu a tashoshin kamfanin Exelon saboda zafi ya ci farfelar sahun farko. Ciwo ne da ba ya bayyana sai bayan dubban awanni na aiki.

Mu kuwa muna da wani dalili da ya fi na Japan da Jamus ƙarfi, shi ne sararin samaniyarmu. Ƙarfin da ake rubutawa a jikin inji an auna shi ne a kan iska mai digiri 15, a daidai gaɓar teku, da laima kashi 60. Yaushe rabon Daura da digiri 15 in ba da asubahin hunturu ba? A bazara muna haura 40, kuma muna sama da teku da fiye da mita 400. Iska mai zafi sakayau take, inji na zuƙa amma abin da ke shiga bai kai ba, kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi yana cin fiye da rabin kashi ɗaya cikin 100 na ƙarfinsa. In ka haɗa lissafi, injin da takarda ta ce megawat 30 ne zai yi wuya ya ba ka 25 da azahar a watan Afrilu, daidai lokacin da kowace fanka da firiza ke neman wuta. Injiniyoyi suna da jadawalin da suke gyara sakamako da shi, su gwada a Disamba su lissafa na Afrilu, kuma ban ce lissafin ƙarya ne ba. Amma jadawali ba zai gaya maka ko fankokin sanyaya mai za su iya da rana ba, ko na'urorin ɗakin sarrafawa za su jure in iyakwandishan ya gaza. Ga ƙurar hunturu, laushinta kamar garin alkama, tana toshe matatar iska, wadda ta tsallake kuma ta manne a farfela ta rage mata ƙarfi. Takardar gwajin da aka sa wa hannu a Turai ba ta taɓa shaƙar wannan ƙura ba.

Maiduguri ta riga mu ganin irin wannan inji a ƙasa mai zafi kamar tamu. Bayan 'yan tayar da ƙayar baya sun kayar da turakun layin Damaturu zuwa Maiduguri a Janairun 2021, kamfanin NNPC ya gina tashar gaggawa da aka tsara ta ba da megawat 50, Shugaba Buhari ya buɗe ta a watan Maris na 2023. Babu bututu a can, a tankoki ake kawo mata gas daga kudu. Ka ga a irin wannan tasha hanyar mota ma tana cikin abin da ake gwadawa, kuma babu akwatin da zai auna ta, sai doguwar jarrabawa ta kwana da kwanaki. Ta Kudenda a Kaduna kuwa darasinta daban ne. An ba da kwangilarta a 2009, megawat 215, injina takwas masu iya aiki da gas ko da mai, aka shafe fiye da shekara goma gari bai sha wutarta yadda aka tsara ba. Injin da ya yi shekaru a ajiye ba shi ne wanda ya bar masana'anta ba, roba ta bushe, laima ta shiga, na'urorin kwamfutarsa sun tsufa. Ko a nan gida mun ga makamancin haka a Lambar Rimi, inda farfelolin iska 37 na megawat 10 suka daɗe a tsaye, musamman bayan sace injiniyan Faransa da ke aikin a Disambar 2012.

Ra'ayina a nan ba ya rawa. Akwatin lodi a ba shi aikin da ya iya: matakan farko, daidaita gwamna, da gwaje-gwajen da za su iya jefa gari cikin duhu, matuƙar girman injin ya ba da dama. Inda bai bayar ba, a shirya da Osogbo, a zaɓi lokaci, a fara zare kwata kafin rabi, rabi kafin cikakke. Amma kada a karɓi makulli, kada a biya kason ƙarshe na kuɗin ɗan kwangila, a kan shaidar akwati. Wannan sai injin ya ɗauki gari wata guda cur, kuma a rubuta a kwangila tun farko cewa za a maimaita awon ƙarfi a tsakiyar bazara, a sake duba matata bayan hunturu. Ɗan kwangila ba zai so ba, domin kuɗinsa zai jinkirta. Ɗan siyasa ma ba zai so ba, domin wa'adi na ƙarewa. Mu da za mu zauna da injin shekara ashirin ko talatin, mu ya kamata mu so.

Abu ɗaya kuma nake roƙo, wanda ba ya cin kuɗi. Alƙaluman da ake ɗauka a waɗannan makonni, karkarwa da zafi da yawan gas da ake ƙonawa kan kowane yunit, su ne katin awon injin, kamar na jariri a asibiti. Da su za a riƙa gwada lafiyarsa har ya tsufa. A ajiye kwafinsu a hannun ma'aikatanmu, kada su bi jakar baƙo su koma. Kuma a kai ɗaliban injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura da takwarorinsu na Kano da Zariya su tsaya a wurin, domin a lokacin ne kaɗai maƙerin inji ke buɗe cikinsa yana bayani, yana kuskure yana gyarawa a gaban jama'a.

Kawu dai makaniki ya kira ya taɓa masa gwamna, sannan ya rubuta lamba da alli a jikin kowace firiza. Yaron shago ya kunna ta ɗaya, ya ƙirga ashirin, ya kunna ta biyu. Da haka injin ya yi masa shekaru. Firizarsa huɗu ne, duk a ɗaki ɗaya, duk a ƙarƙashin ikonsa. Injin da za a kafa a bakin bututun Kano zai tarar da masu walda na Daura, da injinan casar shinkafa na Kura, da masana'antun Sharaɗa da Bompai, kowa ya ɗora hannu a makunni yana jiran a kawo wuta.